Me ya sa numfashin kowa 20 ne a takardar awo? Amsa ga ɗalibar aikin jinya

Wata ɗaliba da ke shekarar farko a makarantar koyon aikin jinya ta rubuto mini. An tura su asibiti karon farko, aikin da aka ɗora mata shi ne ta bi gado-gado duk bayan awa huɗu ta auna zafin jiki, bugun zuciya, numfashi, ƙarfin jini (BP) da iskar oksijin, wato abin da muke kira alamomin rai. Ta ce lambobin littafi duk ta haddace su, amma in ta tsaya gaban majinyaci ba ta san wace lamba ce za ta sa ta kira likita ba. Ta kuma duba takardun awon ɗakin, sai ta ga kusan kowa numfashinsa 20 ne, safe da rana da dare. Tana tambaya: haka abin yake?

'Yata, ba haka yake ba. Mutum ashirin ba za su kwanta ɗaki ɗaya, wannan da ciwon sukari, wancan an yi masa tiyata, wancan yana tari, a ce duk numfashinsu ya zo ɗaya har kwana uku. Ba a ƙirga ba ne, rubutawa aka yi. Na daɗe a ɗakin marasa lafiya kafin in koma koyarwa, kuma cikin awon nan duka babu wanda na ga ana wasa da shi kamar numfashi, alhali shi ne yakan riga sauran nuna cewa jiki ya fara rikicewa. Don haka da shi zan fara, ko da yake littafinku da zafin jiki ya fara.

Babban mutum mai lafiya, yana zaune a natse, yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Ki lura 20 ita ce bakin iyaka, ba tsakiya ba. Dalilin da ya sa numfashi ke saurin tona asiri kuwa, ƙwaƙwalwa tana bin diddigin jini kowane lokaci. Oksijin ya ragu, ko jinin ya yi tsami saboda ƙwayar cuta ta bazu a jiki, ko ana zubar jini a ciki, ko ciwon sukari ya tashi, abu na farko da take yi shi ne ta ƙara wa huhu sauri. Wannan yakan faru awanni kafin awon jini ya faɗi. A shekarar 2016 masana suka fitar da alamomi uku na gane wanda ƙwayar cuta ke neman kayar da shi, abin da muke kira sefsis: numfashi 22 ko fiye, lambar sama ta awon jini (ta farko cikin lambobi biyu na BP) 100 ko ƙasa, da ruɗewar hankali. Tsakanin 20 da 22 numfashi biyu ne kacal. Ido ba mudu ba ne, ya dai san kima, amma ba zai raba miki 20 da 22 ba. Sai an ƙirga da agogo.

Yadda za ki ƙirga kuwa, kada ki ce masa za ki ƙirga numfashinsa, don da ya ji zai canza shi ko bai yi niyya ba. In kin gama jin bugun wuyan hannunsa, ki bar yatsunki a wurin kamar ba ki gama ba, idonki na kan ƙirjinsa ko cikinsa. Ɗagawa da sauka, ɗaya ke nan. Ki cika minti ɗaya cur. Na san ana koya muku ƙirga daƙiƙa 30 a ninka biyu, to wannan sai ga wanda numfashinsa ke tafiya daidai kuma ba ki da wata damuwa a kansa. In kin ƙirga daƙiƙa 15 kin ninka huɗu, kuskuren numfashi ɗaya ya zama huɗu.

Kuma lamba rabin labari ce. Yana iya gama magana ba tare da ya tsaya ya ja iska ba? Hancinsa na buɗewa? Ya kasa kwanciya sai a zaune? Akwai wani numfashi mai zurfi, kamar na wanda ya sha gudu, amma ƙirjin babu tari babu wata ƙara. In kin gan shi ga mai ciwon sukari, ki nemi a auna sukarinsa nan take. In kin gan shi ga yaro mai zazzabin cizon sauro, zazzabin ya kai mai tsanani. Raguwar numfashi ma haɗari ce. Wanda aka yi wa allurar kashe zafi mai ƙarfi irin mofin ko fentazosin, ko aka ba shi dayazifam, in numfashinsa ya sauka ƙasa da 12 ki tsaya kansa, in ya kai 8 ki ɗaga murya. Masu jinyarsa za su ce miki ya samu barci, a bar shi ya huta. Ki tashe shi ki gani. Haka mai jijjigar ciki da ake yi wa allurar magniziyam: kafin kowace allura sai an duba numfashinta, da motsin gwiwarta, da yawan fitsarinta.

A yara lissafin ya bambanta, kuma ina so ki riƙe waɗannan lambobi na Hukumar Lafiya ta Duniya kamar sunanki. Jaririn da bai kai wata biyu ba, numfashi 60 ko fiye sauri ne. Daga wata biyu zuwa kafin ya cika shekara, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Yaro mai tari da ya kai waɗannan lambobi ana ɗaukarsa mai nimoniya. Ki ƙirga yana kan cinyar uwarsa, ba ya kuka, kin ɗage masa riga. In kin fara da tamomita ko abin matse hannu ya tsandara kuka, kin rasa damar, don haka a yaro numfashi ake fara ƙirgawa. In ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki lokacin da yake jan iska, ko yana gurnani a kowane numfashi, wannan ya wuce a jira zagayen likitoci.

Sai bugun zuciya. Yatsu biyu ko uku a wuyan hannu, ɓangaren babban yatsa. Kada ki sa naki babban yatsan, yana da nasa bugun, za ki ƙirga zuciyarki ki rubuta wa wani. Babba mai lafiya 60 zuwa 100 ne, sabon jariri kuwa 120 zuwa 160 ba abin tsoro ba ne. Ina ganin ɗalibai yanzu suna kwafe lambar da na'urar yatsa mai auna oksijin ta nuna su wuce, ba su taɓa majinyaci ba. Na'ura lamba kawai za ta ba ki. Yatsunki za su gaya miki ko bugun cikakke ne ko siriri kamar zare, ko yana tafiya daidai ko yana tsalle, ko fatar da sanyi da gumi. Bugun da ba shi da tsari sam, ga dattijo, yana iya zama irin rikicewar zuciyar da ke jefa gudan jini ƙwaƙwalwa ta jawo shanyewar ɓarin jiki. Irin wannan sai an ƙirga minti guda, a rubuta a gefe cewa ba ya tafiya daidai.

Akwai wani lissafi mai amfani: duk digiri ɗaya da zafin jiki ya ƙaru, bugun zuciya kan ƙaru da wajen goma. Saboda haka mai zafi 39 da bugu 105, abin ya tafi tare. Amma wanda jikinsa ba zafi, yana kwance, bugunsa 120, dole ki tambayi kanki me zuciyar nan ke gudu a kai. Jini ne ke zuba? Ruwan jiki ne ya ƙare da gudawa? Ciwo ne ya ishe shi yana daurewa? Ƙarancin jini ne? Akasin haka ma akwai: mai taifod wani lokaci zafinsa ya kai 40 amma bugun bai tashi yadda ya kamata ba. Sannan mai shan maganin hawan jini irin atenolol ko furofanolol, zuciyarsa ba ta iya gudu ko yana cikin haɗari, don haka 80 ɗinsa kada ta kwantar miki da hankali. Ki riƙa duba takardar magani tare da takardar awo.

Bari in ba ki labarin da ya sa nake wannan nacin. Ina aikin dare a wani asibiti, aka fito da wata matashiya daga tiyatar haihuwa. Awon farko bugu 88, jini 120 bisa 80. Bayan ɗan lokaci bugu 100, jini 115 bisa 75. Na gaba bugu 112, jini 110 bisa 70. In ka ɗauki kowane layi shi kaɗai, ba abin da zai sa ka tashi likita daga barci, awon jinin ma kamar na mai lafiya. Ƙyallen da ke ƙarƙashinta bai jiƙe sosai ba. Abin da ya tsaya mini a rai, ta ce ƙishirwa take ji, tana ta juyi, hannunta da sanyi, numfashinta da na ƙirga 26. Da na jera lambobin a ido, sai na ga layi biyu suna nufar juna: bugu na hawa, jini na sauka. Aka kira likita, aka mayar da ita ɗakin tiyata, jini ne ke taruwa a cikinta. Ta rayu, alhamdulillahi. Da jiran faɗuwar awon jini muka yi, da mun makara, domin matashi mai ƙarfi yana iya rasa kusan kashi uku cikin goma na jininsa kafin awon ya faɗi sosai. Mai ciki ma ta fi iya ɓoyewa, saboda jininta ya ƙaru lokacin goyon ciki.

Daga nan ki riƙe wata dabara mai sauƙi. Ki kwatanta bugun zuciya da lambar sama ta awon jini. Ga mai lafiya bugun yana ƙasa da ita nesa, misali 75 da 120. Duk ranar da bugun ya kamo ta ko ya wuce ta, kamar 112 da 110, ki ɗauka jini ya fara kasa isa gaɓɓai, wato shok, har sai an tabbatar miki ba shi ba ne. Ga mai jego ma kada ki jira su haɗu, da sun kusanci juna ki yi magana.

Awon jini shi ne wanda kowa ya sani, har majinyata su ce "Nas, nawa ne BP na?", kuma shi ne ya fi yawan kurakuran hannu. Maɗaurin da muke naɗawa a damtse wani likita ɗan Italiya, Riva-Rocci, ya fito da shi a 1896, sauraron sautin da sitetoskof, wato abin saurare da ake sawa a kunne, kuwa likitan sojan Rasha Korotkoff ya gano shi a 1905. Har yau abin da muke yi ke nan: a matse jijiya har jini ya tsaya, a sassauta a hankali. Inda sauti ya fara, lambar sama ke nan, ƙarfin jini lokacin da zuciya ta matsa. Inda ya ɓace, lambar ƙasa, lokacin da ta saki.

Majinyaci ya zauna minti biyar tukuna, bayansa a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a ɗore daidai tsayin zuciya, ba ya magana. Wanda ya hawo bene ko ya sha rana a layi, in kin auna nan take ƙarya awon zai yi miki. Ki tambaye shi ko ya ci goro, ko ya sha kofi ko taba cikin rabin awar da ta wuce, ko fitsari ya matse shi, duk suna ɗaga lambar. Kada ki naɗa a kan hannun riga mai kauri, kada kuma ki naɗe hannun rigar ya shaƙe damtse. Girman maɗaurin na da muhimmanci fiye da yadda ake zato: ƙarami a hannun mai jiki yana ba da lamba sama da gaskiya, babba a siririn hannu yana ba da ƙasa. Na sha ganin an sa wa mace mai ƙiba sunan mai hawan jini saboda maɗauri ɗaya ne a ɗakin. In da na hannu kike aiki, ki fara jin bugun wuyan hannu kina hurawa har ya ɓace, ki ƙara 20 zuwa 30 a kai, sannan ki saki iska a hankali, biyu zuwa uku a daƙiƙa. In kin saki fuu, lambar sama ta wuce ki. Kuma ki rubuta abin da kika gani. 138 bisa 86 ba 140 bisa 90 ba ce, ba kuma 130 bisa 80 ba. Na'urar batir tana da sauƙi, amma tana ruɗewa in bugun ba shi da tsari ko jinin ya faɗi ƙwarai. In ta ba ki lambar da ba ta yi kama da mutumin da ke gabanki ba, ki sake da na hannu.

Wajen fassara, 140 bisa 90 ko fiye shi ne ma'aunin hawan jini, amma ba a yanke hukunci da awo ɗaya. A ɗakin kwanciya abin da ya fi damuna shi ne yadda mutum ya saba. Dattijon da shekaru jininsa ke 170 bisa 100, yau kin same shi 110 bisa 70 yana gumi, wannan faɗuwa ce babba, ko da littafi ya ce lambar kyakkyawa ce. Siririyar budurwa da kullum take 95 bisa 60 tana hira tana dariya, lafiyarta ƙalau. Mai ciki da ta wuce sati 20, 140 bisa 90 ya isa a duba fitsarinta a sanar, 160 bisa 110 kuwa gaggawa ce, balle in tana ciwon kai, ko ganinta na dishi-dishi, ko saman cikinta na ciwo. Jijjiga na iya biyo baya kowane lokaci. Ga wanda ya faɗi a babur ya bugu a kai, ko mai sanƙarau, akwai haɗuwar da ke tsorata ni: jini na hawa, bugu na raguwa, numfashi na rikicewa. Ƙwaƙwalwa ce ke matsuwa a cikin ƙoƙon kai. Sabuwar nas takan ga bugu ya sauko daga 100 zuwa 56 ta ɗauka sauƙi ne ya samu.

A ƙananan yara kada ki dogara da awon jini, sai can ƙarshe yake faɗuwa. Ki taɓa hannun yaron, ki danna farcensa har ya yi fari, ki saki. In ya wuce daƙiƙa uku jini bai dawo ba, hannun da sanyi, bugun siriri mai sauri, yaron na cikin shok.

Zafin jiki ba zan daɗe a kansa ba sai a wuri biyu. Lambar 37 da kowa ya sani daga aikin wani likitan Jamus ce, Wunderlich, wanda ya buga littafinsa a 1868 bayan auna dubban marasa lafiya. Ba lamba ce tsayayya ba, jiki ya fi sanyi da asuba, ya fi ɗumi da yamma, kuma hammata, inda muka fi aunawa, takan ba da wajen rabin digiri ƙasa da baki. Shi ya sa 37.5 a hammata muke ɗaukarsa zazzaɓi. Ki share gumi, ki sa kan tamomita can tsakiyar hammata, a matse hannu. In mai zaiba ce ki kaɗa ta ta sauka ƙasa da 35, ki bar ta minti biyar. Ana janye irin wannan a duniya tun yarjejeniyar Minamata ta 2013 saboda gubar zaiba, in ta fashe kada ki kwashe da hannu. Ta goshi da ta yawaita lokacin korona tana da sauri, amma wanda ya shigo daga rana ko iskar hunturu takan yi kuskure a kansa. Ki goge tamomita tsakanin mutum da mutum, ki wanke hannu. A ƙasar da ake samun zazzaɓin Lassa wannan kariyarki ce ke ma.

Wuri na farko: rashin zafi ba ya nufin babu cuta. Yawancin mutanenmu sai sun biya kemis sun sha farasitamol kafin su iso, don haka ki tambaya. Tsofaffi da yara masu tamowa suna iya ɗauke da cuta mai tsanani jikinsu bai yi zafi ba. Na biyu: sanyin jiki ya fi zafi ba ni tsoro. Jariri sabon haihuwa da ya sauka ƙasa da 35.5 yana cikin haɗari, kuma a watannin hunturu, da wankan asuba da ake yi wa jarirai, muna ganinsa da yawa. A kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a rufe su tare da hula a kansa, a sanar da likita, don sanyin kansa na iya zama alamar ƙwayar cuta a jini.

Na'urar yatsa mai auna oksijin, wadda injiniyan Japan Takuo Aoyagi ya gano dabararta a shekarun 1970, haske iri biyu take ratsa yatsa da shi ta kimanta yawan jinin da ke ɗauke da oksijin. Mai lafiya kashi 95 zuwa 100 cikin ɗari. Ƙasa da 94 ki sa ido ki sanar, ƙasa da 90 ana bukatar oksijin. Masu daɗaɗɗen ciwon toshewar huhu likita kan sa musu ma'auni daban, 88 zuwa 92. Na'ura ce mai albarka, amma ki san inda take yaudara. Yatsa mai sanyi, rawar jiki, jan farce da baƙin lalle duk suna rikita ta, sai ki ɗumama hannun ko ki canza yatsa, ko ki koma na ƙafa. Ki duba ko bugun da take nunawa ya yi daidai da wanda kika ji da hannunki, in sun saɓa kada ki yarda da lambar oksijin ɗin. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2020, daga Jami'ar Michigan, ya nuna na'urar ta fi kasa gano ƙarancin oksijin a baƙaƙen fata, kusan ninki uku na yadda take kasawa a fararen fata. Mu ke nan da majinyatanmu. Don haka in ta ce 94 amma mutum na haki, ki yarda da hakin.

Akwai wasu biyu da suka shafe mu kai tsaye. Iyalin da aka kwaso daga ɗakin da suka kwana da janareta a kusa, ko suka rufe ƙofa da kaskon gawayi saboda sanyi, na'urar za ta iya nuna 98 alhali gubar hayaƙin ta mamaye jininsu, don ba ta bambance ta da oksijin. A ba su oksijin ko me ta nuna. Sai mai ƙarancin jini sosai, kamar mai sikila ko yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini: ɗan jinin da ya rage a cike yake da oksijin, sai ta nuna 99, amma bai isa jiki ba. Ki duba tafin hannu da cikin fatar ido. Kuma duk lokacin da kika rubuta lambar, ki rubuta ko iskar ɗaki yake shaƙa ko oksijin, lita nawa. Mai 96 a kan lita goma ya fi mai 93 da ba a sa masa komai ba shiga haɗari.

Abu na ƙarshe da ake aunawa ba ya bukatar na'ura: hankali. Idonsa biyu yana hira? Sai an kira sunansa yake buɗe ido? Sai an matsa masa ya ji zafi? Ko ba ya motsi sam? Labarin zuciya a tambayi fuska. In 'yar da ke jinyar tsohuwa ta ce miki "Sista, Mama tun la'asar maganarta ba daidai ba, ba haka take ba", ki ɗauki wannan kamar lambar da ta fita daga ma'auni. Sun fi ki sanin ta, kuma su ne ke gefen gado dare da rana. Sabuwar ruɗewa a auna sukari nan take, a sake duk awon. Ki tambayi fitsari ma, babba ya kamata ya yi aƙalla wajen mililita 30 a awa, in ya ɗauke ƙoda ce ke gaya miki jini bai isa gare ta ba.

Kin tambayi wace lamba ce ta kiran likita. A Ingila Kwalejin Likitoci ta Landan ta fitar da tsarin ba da maki a 2012, ta sabunta shi a 2017 da sunan NEWS2. Kowane awo na samun maki daga sifili zuwa uku gwargwadon nisansa da daidai, a tara. Maki biyar a kira likita da gaggawa, bakwai a tara ƙwararru. Ko asibitinku ba ya amfani da shi, iyakokin da yake ba wa maki uku sun isa ki riƙe ga babba: numfashi 8 ko ƙasa, ko 25 ko fiye; bugu 40 ko ƙasa, ko ya haura 130; lambar sama ta jini 90 ko ƙasa; oksijin 91 ko ƙasa; zafi 35 ko ƙasa; da sabuwar ruɗewa. Ɗaya daga ciki ya isa. Amma matar da na ba ki labarinta, bugunta da jininta ba su kai ko ɗaya daga waɗannan iyakoki ba. Abin da hikimar tara maki ke koyarwa shi ne ƙananan kaucewa uku a tare sun fi babba guda ɗaya ban tsoro. Kafin ki rubuta sabon awo, ki kalli uku na baya.

Awon duk bayan awa huɗu kuma na wanda ke kwance lafiya ne. Wanda ya fito tiyata da wadda ta haihu yanzu, duk minti 15 ne a awar farko. Mai ƙarin jini a auna kafin a fara, da minti 15 bayan farawa, da bayan an gama. In awo ya ba ki shakka, ba sai an umarce ki ba, ki dawo bayan rabin awa ko ƙasa.

In za ki sanar, kada ki ce "Likita, mai gado na shida ba ta jin daɗi". Ki ce: "Likita, gado na shida, an yi mata tiyata da yamma. Bugunta ya tashi daga 88 zuwa 112 cikin awa biyu, jini ya sauko daga 120 zuwa 110, numfashi 26, hannunta da sanyi. Ina tsoron jini take zubarwa, ina so ka zo yanzu." Ke ɗaliba ce, don haka nas ɗin da ke kula da ɗakin za ki fara gaya wa, da irin waɗannan kalmomi. Ki rubuta lokacin da kika sanar da wanda kika sanar. In shiru ya yi yawa, ki sake, ki je wurin na gaba da ita.

Game da yayyenki masu rubuta 20, kada ki raina su. Nas ɗaya da gado talatin cikin dare, ga ƙarin ruwa ya ƙare can, ga allura nan, minti ɗaya a kowane gado rabin awa ne da ba ta da shi. Na yi irin wannan dare, na san nauyinsa. Amma lambar da ba a auna ba ta fi gurbin da aka bari fayau illa, domin likitan da ya zo da safe zai gan ta ya yarda, ya gina magani a kanta, alhali da gurbi ya gani da ya ƙirga da kansa. Ke ba sai kin yi wa kowa gyara ba. Ki sayi agogo mai sandar daƙiƙa ki maƙala a riga, ki fara zagayenki da waɗanda suka fi jin jiki, ki ƙirga naki tsakani da Allah. In kin samu 28 a inda aka saba rubuta 20, ki je wurin Sista cikin ladabi ki ce, "Anti, na ƙirga sau biyu na samu 28, don Allah ki zo ki duba mini ko na yi daidai."